Tokar Yaya da Agwagi Bakwai

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma Yaya ya riga ni komawa, kamar yadda ya saba riga ni a komai. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a gidanmu na gado da ke Mairuwa. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika har babu wurin aje babur. Mutanen Yankara sun zo a motar kasuwa, na Ketare sun zo, har da wasu tsofaffi biyu daga Sabuwa da ban taɓa gani ba, ɗaya yana jan ɗaya da sanda. Ni ne ƙaninsa, ciki ɗaya, ni kaɗai na rage, don haka ni aka zaunar a tabarmar gaba ina karɓar gaisuwa. Tunda gaskiya na zauna rubutawa, bari in fara da ita. Da aka jera za a yi masa salla, kafin liman ya yi kabbara, sai da na waiga na ƙirga sahu. Goma sha ɗaya. Na tambayi kaina nawa zan samu, ni da na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta kowa ya kawo nasa. Wannan ya ce mangwaron ƙofar gidansa Yaya ne ya ba shi dashe, ya kuma riƙa zuwa dubawa shekara biyu ba a kira shi ba. Wancan ya ce itatuwan da muka tsaya a inuwarsu ɗazu a maƙabarta, shi ya shuka su. Ladanin unguwa ya yi kuka har ya kasa magana. Sai ɗaya daga tsofaffin Sabuwa, wanda ashe ya yi birkila a Kankara a zamanin da, ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Toka. Har ya mutu bai koma shan ruwa a gwangwani ba ko?"

Aka yi dariya, irin ta zaman makoki, mai fita da hawaye. Kowa a wurin ya san labarin, domin Yaya da bakinsa ya yi ta ba da shi: yadda ya kashe agwagin matarsa da gwangwanin fenti, furannin maigidansa suka lalace, ya rasa aiki, ya rasa kujerar Makka. Tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Amma dai kujerar ba ta bar gida ba, Alhaji." Na ce haka ne. Labarin kuwa ba haka yake ba, kuma a kansa ake kirana Alhaji fiye da shekara arba'in. Ba na son a binne shi da sunan mutumin da sakacinsa ya ja masa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙyashin da nake yi wa Yaya ya girmi gemuna. Muna yara Inna takan ba mu irin gyaɗa daga ƙwarya ɗaya, mu shuka a kunya ɗaya, shi daga gabas ni daga yamma. Tasa ta fito cif, tawa kamar haƙoran tsohuwa. Inna ta duba ta ce, "Hannun wanga yaro da albarka shike." Ni kuma ta shafa kaina ta ce, "Auta, kai boko za ka yi." Na ɗauki maganar a matsayin kora daga gona. Na yi bokon, na yi makarantar koyon aikin gona, na dawo da kaki da babur da sunan malamin gona. Sai in tara manoma ranar kasuwar Yankara in yi musu bayani har muryata ta dushe, su gyaɗa kai, in na gama wani ya matso ya ce, "To Malam, yayanka mi ya ce?" Yaya bai san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya san yadda aka yi. Wanda jiya yake kan jaki yau yana tambayar farashin mota. Wani ɗan kwangila a Kankara, Allah ya jiƙansa shi ma, ya gina gidan siminti mai bene, ya ga furanni a gidajen manya a Kaduna, ya ce shi ma sai an yi masa. Aka kawo masa su cike da babbar mota daga kudu, kowanne a cikin ƙasarsa. Aka ce masa akwai wani a Mairuwa wanda ko muciya ya dasa sai ta yi ganye. Haka Yaya ya koma Kankara da matarsa da agwaginta bakwai, aka ba su ɗaki a bayan gidan. Ni ma ofishinmu a garin yake. Ba wanda ya tambaye ni komai game da furannin.

Ƙasar da aka kawo ta zo da baƙi. Mu mun san dodon koɗi na fadama, mai yawo da gidansa a baya. Waɗannan ba su da gida, tsirara suke, laushi kamar hanta, in sun wuce su bar yauƙi mai ƙyalli a kan siminti. Da rani ba a gan su ba. Ruwa na sauka suka fito. Da safe sai a tarar da ganye ya zama rariya, toho an cinye shi tun bai buɗe ba. Masu gadi suka ce jifa ne aka yi wa maigidan. Yaya bai bi ta tasu ba. Ya yi mako guda yana durƙuso a gindin furanni tun daga sallar asuba har rana ta ɗaga, yana kallo.

Abin da ya gano kaɗan ne, amma ya riƙe shi kamar karatu. Ba sa son bushewa, don haka ya daina ban ruwa da yamma, ya ce ƙasa ta kwana da ƙishi ta sha da safe. Ba sa ƙetare busasshiyar toka, don haka ya zagaye kowane gindi da ita, faɗin tafin hannu, ba tsinkewa ko ta yatsa ɗaya. In aka yi ruwa ta jiƙe, ya sake sabuwa. Suna neman wurin ɓuya in gari ya waye, don haka ya shimfiɗa tsofaffin buhuna masu danshi tsakanin layuka, da safe ya ɗaga ya tsince su a ƙwarya. Sauran aikin kuma na agwagi ne. Ya juye musu abin da ya tsinta, sannan ya sake su su bi gindin katanga da ƙarƙashin tankin ruwa, inda hannu ba ya kaiwa. Yakan ce, "Ni leburan agwagi ne, su ad da aikin."

Tokar ce ta ba shi suna. Murhun gida ɗaya ba ya isa, sai ya riƙa bin gidajen unguwa bayan la'asar da buhu a kafaɗa, ya yi sallama ya ce a taimaka masa da toka. Magidanci da gemunsa yana barar toka. Mata suka yi ta dariya a bayan zaure, wasu suka hana don suna ruwan toka da ita, sai ya riƙa kai musu dashen barkono da na lalle a madadin. Cikin wata biyu aka koma ajiye masa ita a ƙofa tun kafin ya zo. Ni kuwa in na hango shi sai in canza hanya. Na ce wa kaina kunya nake ji. Amma gidan ɗan kwangilar ya zama abin kallo, ja da fari da ruwan ɗorawa har kan katanga, mutane na tsayar da keke su leƙa, kuma ba kunya ce ke hana ni barci ba.

Sau ɗaya muka yi sa-in-sa, a gaban maigidan. Na ce toka ƙazanta ce a gida irin wannan, zamani ya wuce nan, akwai magani. Yaya ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Auta, littahinku ya san wanga abu?" Ni kuwa na riga na duba littafin tun daga bango har bango, babu shi a ciki. Ya ce, "To ni ma ban san shi ba. Kallonshi kawai nike." Maigidan ya yi dariya har hularsa ta zame. Auta, a gaban mutane, ina sanye da kakin gwamnati. A ranar ce kuma maigidan ya ce zai yi walimar buɗe gida nan da mako uku, manyan baƙi za su zo daga Kaduna, in furannin suka kai ranar a haka, ya ba Yaya kujerar Makka ta bana.

Labarin ya kai Mairuwa kafin in kai. Inna, wadda idonta ya fara tafiya, ta kama hannuna ta ce, "Ka ji? Ɗana za ya tsaya gaban Ɗaki ya kira sunana." Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Na ce na ji.

A sitonmu na ofis akwai maganin fara, wanda ake cuɗawa da dusa a watsa a gona. Na ɗebi mudu biyu. Dabarata ita ce in watsa a ɓoye, abubuwan nan su ƙare ƙaf, sannan in zo gaban maigidan in ce to ga abin da ya yi aikin, ba toka ba. Na je bayan la'asar, lokacin da na san Yaya ya fita neman toka. Na watsa a gindin katanga ta baya da ƙarƙashin tanki, cikin ciyawa, inda ba ya dubawa. Babu yaron da aka haifa a ƙasar Hausa da bai san agwagwa na cin dusa ba. Na manta ne? Shekara arba'in ina yi wa kaina wannan tambaya. Wani lokaci in ce mantuwa ce. Wani lokaci in tuna cewa sai da na tsaya na kalle su a cikin akurkinsu kafin in hau babur.

Washegari da hantsi agwagi biyar sun mutu, biyu aka samu aka yanka suna shure-shure. A makon nan ƙwaryar Yaya ta fashe, ya tsinci gwangwanin fenti a inda birkiloli suka zubar, a ciki yake tara abin da ya tsinta ya juye wa agwagin. Da na je, na same shi zaune yana juya gwangwanin a hannu. Ya ce, "Auta, ni na kashe su. Fenti ne." Na buɗe baki. Na ce ai kuwa fenti guba ne.

Sai marka ta kama. Kwana tara ana ruwa, in ya tsaya da safe ya dawo da azahar. Toka ba ta minti goma a bushe. Ya nemi wasu agwagin a kasuwa, waɗanda ya samu ba su saba ba, furannin suka fi ci. Ya tsinta da hannu har yatsunsa suka yi fari suka tsattsage, matarsa ma ta fito tana taya shi. Ba a yi mutum biyun da za su iya aikin agwagi bakwai ba. Ranar walima kara ne tsaye a layi, da yauƙi har kan matakalar da baƙi za su taka. Maigidan ya kira shi gaban ma'aikata ya ce, "Malam, na ɗauka kai mutum ne mai kula. Tattara naka." Yaya ya ce, "Ka yi gaskiya, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka." Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya yanki 'yan rassa daga abin da ya rage.

Ni aka kira in gyara. Na sa aka sassare, na watsa dusar nan a fili kowa na gani. Bayan mako uku ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, baƙin suka ɓace da kansu kamar yadda suke yi kowace shekara, furannin suka yi sabon toho. Maigidan ya ce boko boko ne. Kujerar an riga an biya, sai ya ce a sa sunana. Na ce a'a sau ɗaya, a hankali, yadda ba za a ji sosai ba.

Ranar da muka dawo daga Makka, Yaya ne farkon wanda na gani a tasha. Ya ƙwace akwatina ya ɗora a ka, yayana, a gaban jama'a, ya ƙi a karɓa. Tambaya ɗaya ya yi mini a hanya: "Ka kira sunan Inna?" Na ce na kira. Ya ce, "To shi ke nan." Zamzam a lokacin a ɗan gwangwani ake kawo shi. Da na miƙa masa nasa, sai ya aika a kawo ƙwarya, ya juye, sannan ya sha. Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ba da labarin fenti daga farko, ya ƙara masa gishiri. Daga ranar labarin ya zama nasa. Shayi a ƙwarya, madara a juye, ko a gidan biki.

Ya zauna a Mairuwa ya yi noma, ya yi lambu da rani, ya raba dashe ga duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Rassan nan ya dasa su a bayan ɗakin matarsa, baƙin ma suka biyo su, ya ci gaba da zagaye su da toka kowace damina har wadda ya rasu a cikinta. Sau biyu na ce zan biya masa Makka. Na farko ya ce damina ce, wa zai duba gona. Na biyu ya ce gwiwa. Na ji sanyi da ya ƙi, wannan ma sai na faɗa. Shi yana gaishe ni da Alhaji tun daga ranar tasha, da dukan bakinsa. Matarsa ce kaɗai a duk dangi ba ta taɓa kirana haka ba. Malamin gona take cewa, na ɗauka wasan matar wa da ƙanin miji ne.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu, na shiga cikin gida. An yi ruwa da rana. Matar Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, cikin takaba, da carbi a hannu. Na tsuguna daga nesa na yi mata gaisuwa. Sannan na faɗa mata duka, da siton, da mudu biyun, da tsayawar da na yi a gaban akurki. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ta ja carbi biyu ko uku. Ta ce, "Malamin gona, biyun da anka yanka, ni na gyara su. Dusa na iske cike da cikinsu. Ni kuwa ban ba su dusa ba wannan mako, dusar ta ƙare mani. Na bi gindin katanga na gani. Kuma akwai sawun babur a ƙohwar baya."

Na ce, "Kin faɗa masa?"

"A ranar."

"Ya ce me?"

"Ya ce gwangwani ne. Na ce Malam, ga dusa a hannuna. Ya ce ke, gwangwani ne, kuma in na kuma tada maganar bai yahe ba."

Na tambaye ta dalili. Ta ce da farko cewa ya yi in maigidan ya ji, aikina na gwamnati zai tafi, gara a rasa na lebura. Da kujera ta faɗo kaina kuma ta sake yi masa magana, don abin ya ci ta. "Ya ce mani, Inna ɗanta take so ya tsaya gaban Ɗaki ya kira sunanta, ba ta ce wane ba. In na hwaɗa ma Auta na sani, ba za ya iya tsayuwar ba."

Na ce, "To bayan na dawo fa? Shekara arba'in?"

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar Talata. "Ya ce ai ya riga ya saba da ƙwarya."

Na so in ji godiya kaɗai. Na kuwa ji ta. Amma a ƙarƙashinta tsohon abin nan yana nan bai mutu ba. Ni na je Makka, shi ya zauna a Mairuwa yana shan shayi a ƙwarya ana yi masa dariya, kuma ko a nan sai da ya fi ni. Ina kishinsa yana raye, ina kishinsa yana kabari, Allah ya yafe mini.

Ta tura mini wata ƙwarya da ƙafarta, cike da toka, busasshiya, ta murhun sadaka. Ta ce, "Ruwan ɗazu ya wanke tashi. Ni gwiwa ba ta bari." Na zaga bayan ɗakin. Furannin suna nan, ja da ruwan ɗorawa, jikokin waɗancan, ga yauƙi ya fara hawa gindin biyu. Na durƙusa da babbar rigata na fara zubawa. Da'irar ta karkace, ta tsinke a wuri uku, na koma na cike. Daga ƙofar ɗaki ta ce, ba tare da ta leƙo ba, "Hwaɗin tahin hannu, Malamin gona." Na ce to.

Wanda duk ya taɓa jin labarin gwangwani a bakin Yaya, na Yankara da na Ketare da tsofaffin nan na Sabuwa, ga yadda aka yi. Bai yi sakaci ba ko na kwana ɗaya. Wanda ya ga dama ya ci gaba da kirana Alhaji, ba zan hana ba, amma yanzu ya san na wa ne.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya sanyaya masa ƙasar da ya yi wa hidima, ya haɗa shi da Inna. In ana jera mutane sahu-sahu a can, na san inda za a tsayar da shi. Ni roƙona a bar ni ko a na ƙarshe ne, inda zan riƙa hango ƙeyarsa.